Tsakanin Ɗaki da Kasuwa: Tarken Matsayin Macen Indiya a Finafinai Huɗu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi tarken yadda finafinan Indiya suke nuna mace a tsakanin al'adar da ta gada da zamanin da ya riske ta. Mun zaɓi finafinai huɗu domin wannan aiki, watau Mother India na Mehboob Khan (1957), da Purab aur Paschim na Manoj Kumar (1970), da Mahanagar na Satyajit Ray (1963), da kuma The Great Indian Kitchen na Jeo Baby (2021). Biyun farko na kasuwa ne, cikin harshen Hindi, masu waƙa da rawa. Na uku cikin harshen Bengali yake, na huɗu kuwa cikin Malayalam.

Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa taron nazarin Hausa da matan Indiya? Amsa ita ce, tun cikin shekarun 1950 da 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano da sauran birane, Hausawa suka rungume su. Brian Larkin ya yi bayani a 1997 cewa abin da ya ja hankalin 'yan kallo shi ne ganin wata duniya mai ci gaba wadda ba ta Turawa ba, inda ake kunya, ake girmama iyaye, ake kuma fama da auren tilas. Ɗalibanmu mata na kwalejojin ilmi, waɗanda gobe za su haɗa aji da ɗakin aure, da waɗannan hotuna suka tashi. Saboda haka darasin da fim yake bayarwa a kan mace mai aiki ya shafe mu kai tsaye.

Za mu auna kowane fim da tambayoyi uku. Wa yake yin aikin? Wa yake riƙe da kuɗin? Wa yake yanke shawara? Ra'ayinmu shi ne, fim ɗin da ya tsaya ga tufafi da kwalliya ya kauce wa matsalar, wanda kuwa ya amsa waɗannan tambayoyi shi ya taɓa ta.

2.0 Shimfiɗa

Batun mace daɗaɗɗen abin jayayya ne a Indiya. A 1829 gwamnatin Lord William Bentinck ta haramta al'adar sati, watau ƙona mace tare da gawar mijinta, bayan gwagwarmayar su Raja Ram Mohan Roy. A 1856 aka yi dokar da ta ba matan Hindu da mazansu suka mutu damar sake aure, bisa ƙoƙarin Ishwar Chandra Vidyasagar. Tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya hana nuna bambanci saboda jinsi. A 1961 aka haramta dukiyar da iyayen amarya suke biyan dangin ango, wadda ita ce akasin sadakin da muka sani. A 2005 aka gyara dokar gadon Hindu ta 1956, aka daidaita 'ya mace da ɗa namiji a dukiyar kakanni. Ilmi ma ya ƙaru ƙwarai: a ƙidayar 1951 matan da suka iya karatu da rubutu ba su kai 9 cikin 100 ba, a ta 2011 kuwa sun kai wajen 65.

Amma doka daban, zaman gida daban. Rahoton da kwamitin gwamnati ya fitar a 1974 a kan matsayin mata ya nuna cewa akasarinsu ba su ɗanɗani alkawarin tsarin mulki ba, alhali kuwa a lokacin mace ce, Indira Gandhi, take Firayim Minista. A 1987 aka ƙone wata yarinya mai shekara 18, Roop Kanwar, tare da gawar mijinta a ƙauyen Deorala na jihar Rajasthan, shekara 158 bayan haramcin.

Masanin tarihin siyasa Partha Chatterjee ya ba da bayani mai amfani a 1989. Ya nuna cewa 'yan kishin ƙasa na Bengal a ƙarni na 19 sun kasa rayuwa biyu: ghar, watau gida, da bahir, watau waje. A waje sun yarda Bature ya fi su, don haka a koyi kimiyyarsa da tsarin mulkinsa. Gida kuwa shi ne ma'ajiyar asali da addini, kuma mace ce aka ɗora wa gadinsa. An yarda ta yi ilmi, muddin tufafinta da abincinta da ibadarta suna shaida cewa ba ta zama Baturiya ba. Ma'anar wannan a fili take: namiji ya sa kwat ya tafi ofis ba wanda zai ce ya bar al'ada, mace kuwa jan-baki kaɗai ya isa a tuhume ta. Wannan rabo shi ne tushen da finafinanmu huɗu suka tsiro a kai.

3.0 Mother India: Mace a Matsayin Ƙasa

Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, amarya ce a ƙauye. Surukarta ta ci bashin rupi 500 a wurin Sukhilala mai ba da rance da ruwa domin bikin, shi kuma ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona a bakin ruwan kuɗinsa. Dutse ya murƙushe hannuwan mijinta Shamu, kunya ta kore shi daga gari. Ambaliya ta cinye amfanin gona, yunwa ta shigo, Sukhilala ya nemi mutuncinta da abinci, ta ƙi. Ta ja garma da wuyanta kamar sa, har ta raini 'ya'yanta biyu da suka rayu, Ramu da Birju. Daga ƙarshe Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa ranar bikinta, Radha ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta da hannunta.

Babu shakka fim ɗin yana da ƙarfi. Ya nuna abin da sau da yawa ake rufewa, watau cewa macen karkara manomiya ce, guminta ne yake ciyar da gida. Tambayarmu ta farko ta sami amsa sarai: Radha ce mai aikin. Amma kuɗin yana hannun Sukhilala, shawara kuwa tana hannun abin da gari yake kira mutunci. Radha ba ta taɓa neman wani abu domin kanta ba. Ko sunan fim ɗin, Uwa Indiya, martani ne ga littafin Katherine Mayo na 1927 mai wannan suna, wanda ya aibata zaman matan Indiya. Ke nan tun daga suna an ɗora wa mace ɗaya nauyin wanke ƙasa baki ɗaya.

Zubin labarin ma yana da abin lura. An buɗe shi da taraktoci da sabuwar hanyar ruwan noman rani, aka roƙi Radha tsohuwa ta buɗe ta a matsayin uwar gari, sa'an nan aka koma baya. Watau zamani ya zo ƙauye, amma ya zo ne a siffar inji da siminti, ita kuwa mace aikinta ta sa masa albarka. Da ruwan ya kwararo sai aka nuna shi ja kamar jinin Birju. Wannan hoto ya fi duk jawabin fim ɗin gaskiya, domin ya nuna wadda ta biya kuɗin ci gaban. Aibin Mehboob Khan shi ne ya mayar da wannan hasara abin alfahari, har mai kallo ya fita yana yabon haƙurin Radha, bai tambayi dalilin da ya sa ita kaɗai ake nema da haƙuri ba.

4.0 Purab aur Paschim: Al'ada a Matsayin Tufafi

Ma'anar sunan wannan fim Gabas da Yamma. Bharat, wanda sunansa ma sunan Indiya ne, ya tafi Landan karatu, ya iske Indiyawa da suka manta da gida. A cikinsu akwai Preeti, wadda Saira Banu ta fito a matsayinta, mai gashi irin na Turawa da guntun siket, tana shan taba da giya. Ta so shi, ta biyo shi Indiya, ta ga wuraren ibada da zaman iyali, ta watsar da tsohon halinta, ta ɗaura sari.

Jigon dai shi ne kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma in muka kawo ma'auninmu sai mu ga fim ɗin ba shi da amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyin uku. Ba mu ga Preeti tana neman abin kanta ba, ba mu ga an yi maganar wanda zai riƙe kuɗi ba. Zamani a nan kwalba ce da karan sigari, al'ada kuwa ƙyalle ne mai tsawon yadi shida. Daɗin daɗawa, Bharat ya yi karatun boko a ƙasar Turawa ya dawo da asalinsa cif, ba a bukaci ya sake komai ba. Rabon da Chatterjee ya bayyana ke nan, an zuba shi cikin waƙa.

Wannan salo na raba mace biyu ya daɗe a finafinan Bombai. A gefe ɗaya ga tauraruwa mai kunya wadda za a aura, a ɗaya gefen ga 'yar rawar kulob, irin matsayin da aka san Helen da shi a shekarun 1960 da 1970. Illar salon ita ce yana koya wa mai kallo cewa mace mai ilmi da 'yancin kai ƙanwar lalatacciya ce, kuma maganinta shi ne namiji na kirki ya shiryar da ita. Malamar asibiti da malamar makaranta da ma'aikaciyar banki, waɗanda su ne suke fama da haɗa gida da aiki a zahiri, ba su da gurbi a wannan hoto.

5.0 Mahanagar: Mace Ɗaya, Duniya Biyu

Satyajit Ray ya ɗauko labarin Mahanagar, watau Babban Birni, daga wani gajeren labari na Narendranath Mitra, ya kuma sami lambar gwanin masu ba da umarni a bikin finafinai na Barlin a 1964. Arati, wadda Madhabi Mukherjee ta fito a matsayinta, matar Subrata ce, akawun banki a Kalkata. Albashinsa ba ya isar gida mai mutum shida: su biyu, da ɗansu, da ƙanwarsa, da iyayensa. Arati ta kama aikin tallar keken saƙa gida gida. Surukinta, tsohon malamin makaranta, ya daina yi mata magana sosai, ya ƙi karɓar kuɗinta, ya gwammace ya bi tsofaffin ɗalibansa yana roƙon su taimake shi da tabarau da magani.

A nan ne muka ga bambancin gwani. Ray bai kawo mugu ko ɗaya a gidan ba. Tsohon yana da dalilinsa, domin a duniyar da ya sani fitar suruka neman kuɗi tallar gazawar ɗansa ce. Subrata shi ya fara goyon bayan aikin, amma da ya ga matarsa ta fara tsayawa da ƙafarta sai kishi da kunya suka kama shi, ya sa ta rubuta takardar barin aiki. Ranar da za ta miƙa takardar bankinsa ya rushe, ya bugo waya ya ce ta dakata. Ita kuwa nan take ta nemi ƙarin albashi, ta kuma samu. Abin da wa'azi bai sauya ba, kuɗin cefane ya sauya shi cikin yini ɗaya.

A duba yadda Ray ya yi amfani da jan-baki, a kwatanta da sigarin Preeti. Abokiyar aikinta Edith, ruwa-biyu ce ta Ingilishi da Indiya, ita ta ba Arati jan-bakin ranar da suka karɓi albashin farko, ranar da Arati ta tsaya gaban madubi tana shinshinar sababbin takardun kuɗi. Tana shafa shi in za ta shiga gidajen masu hali, ta goge kafin ta koma gida. Da mijin ya gan shi a jakarta sai ta jefar da shi ta taga. Ke nan jan-bakin kayan aiki ne kamar jakar talla, amma a gida ya zama shaidar laifi. Iyakar da take tsakanin ɗaki da kasuwa a kan leɓenta aka shata ta, kuma ita ce take tsallake ta sau biyu kowace rana.

Ƙarshen fim ɗin shi ya fi muhimmanci. Maigidan kamfanin ya kori Edith bisa zalunci, ya kuma ci mutuncinta saboda asalinta. Arati ta nemi ya ba da haƙuri, ya ƙi, sai ta ciro takardar nan da mijinta ya sa ta rubuta, ta miƙa masa. Takarda ɗaya ce, amma da farko umarnin miji ce, yanzu kuwa hukuncin kanta ne. Tambayoyinmu uku duk sun sami amsa ɗaya a wannan lokaci: Arati. Kuma abin da ya sa ta yi haka shi ne riƙon amana da ƙin zalunci, halayen da ta taso da su a gida. Ray ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya tana iya fita kasuwa ta yi aiki, har ta fi ta maza ƙarfi.

Inda za mu soki Ray shi ne rufewar. Miji da mata, dukansu ba aiki, suka shiga cikin taron birni suna fatan ɗayansu zai samu. An sasanta, amma ba a ce komai ba a kan wanda zai dafa abinci in duka biyun suka samu. Wannan giɓi shi fim na huɗu ya shiga.

6.0 The Great Indian Kitchen: Aikin da Ba a Ƙirgawa

An yi wannan fim a Kerala, jihar da ta fi kowace yawan mata masu ilmi a ƙidayar 2011, sama da 90 cikin 100. Da gangan ba a ba matar da mijin suna ba. Ita, wadda Nimisha Sajayan ta fito a matsayinta, ta yi ilmi, ta koyi rawar gargajiya, ta tashi a Bahrain. Shi malamin makaranta ne. Ba duka, ba zagi. Surukin dai yana son shinkafarsa a dafa ta da itace, kayan miya a niƙa a dutse, tufafinsa a wanke da hannu ko da akwai injin wanki. Matarsa ce take kawo masa buroshin goge baki da takalmi. Da amarya ta nemi aikin koyar da rawa sai aka ce, cikin murmushi, ba a saba haka ba a gidan.

Salon Jeo Baby maimaici ne. Yanka, niƙa, suya, shara, wanke-wanke, kwashe ƙasusuwan da maza suka tauna suka bari a kan tebur, gobe a sake. Mai kallo yakan gaji, gajiyar kuwa ita ce hujjar fim ɗin. Bututun wurin wanke-wanke yana yoyo, ta yi ta faɗa, mijin bai kira mai gyara ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa ba ɗakinsa ba ne. Alƙaluman hukuma sun gaskata hoton: binciken amfani da lokaci da gwamnatin Indiya ta yi a 2019 ya nuna matan da suke aikin gida suna ba shi minti 299 a rana, mazan da suke taɓa shi kuwa minti 97.

Rikicin ya kai ƙarshe lokacin da mazan suka ɗauki alwashin ziyarar wurin bauta na Sabarimala, aka killace ta a wani ɗaki saboda tana haila. Wannan ya zo daidai da jayayyar da ta biyo bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a kan shigar mata wurin. Ta watsa musu ruwan dattin da ya taru a ƙarƙashin bututun, ta fita. An nuna ta daga baya tana koyar da rawa, shi kuma ya sake aure, sabuwar amarya tana tsaye a wurin da ta bari.

Fim ɗin ya amsa tambayar da Ray ya bari, ya nuna cewa ana karɓar zamani a gidan in zai hutar da namiji, a ƙi shi in zai hutar da mace. Amma shi ma yana da rauni biyu. Na farko, fita mafita ce ga wadda take da ilmi da sana'a da gidan iyaye masu hali. Radha ba ta da inda za ta, haka ma 'yar aikin da ake kira ta karɓi girki in uwargida ba ta da tsarki. Na biyu, mazan fim ɗin ba su da zurfi irin na Subrata da mahaifinsa, don haka ba mu ga yadda namiji zai sauya ba. Fim ɗin ya gano cutar daidai, maganin da ya bayar kuwa na mutum ɗaya ne.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, finafinan kasuwa guda biyu sun ɗauki mace alama, ta ƙasa ko ta asali, shi ya sa ba su tambayi abin da take so ba. Na biyu, Mahanagar da The Great Indian Kitchen sun ɗauke ta mutum mai aiki da lissafi, suka nuna cewa abin da ake kira rikicin al'ada da zamani, in an tone shi, rikici ne a kan rabon aiki da kuɗi da iko a cikin gida. Na uku, a dukan finafinan huɗu mace ce ake nema ta daidaita, namiji kuwa ana barinsa yadda yake. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ita an ba ta biyun, sa'an nan ana auna tarbiyyarta da yadda ta tauna su ba tare da ta yamutsa fuska ba.

A ganinmu Mahanagar ya fi sauran cin nasara, domin shi kaɗai ya bar mace ta riƙe gida da aiki, ya kuma sa miji ya koyi wani abu. Shawararmu ga malamai 'yan'uwa masu koyar da adabi da wasan kwaikwayo ita ce, tun da ɗalibanmu ba za su daina kallon finafinan Indiya ba, mu koya musu kallo da tambaya. Duk lokacin da fim ya yabi haƙurin mace, ko ya la'anci kwalliyarta, su tambayi wanda ya yi aikin, da wanda ya riƙe kuɗin, da wanda ya yanke shawarar. Ma'aunin nan zai yi amfani a kan finafinanmu na Hausa da littattafan soyayya, waɗanda manazarta irin su Abdalla Uba Adamu suka nuna tasirin Indiya a kansu. Wannan kuwa aiki ne da ya cancanci takarda tasa ta daban, muna kuma fata wani daga cikin mahalarta wannan taro zai ɗauke shi.